Shirya Mota Kafin Doguwar Tafiya

Daga Kano zuwa Maiduguri, ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, tafiyar ta kusa kilomita 600. Motar da ta saba da yawon cikin gari tana iya ɓoye ciwonta shekara guda, amma ran da aka ɗora ta bisa wannan hanya da bazara, sa'ad da zafi kan wuce digiri 40, sai asirinta ya tonu. Saboda haka lalle ne mai mota ya duba ta tun ana sauran kwana biyu, domin in an ga aibi a sami sukunin kai ta wurin makaniki.

A fara da taya, gama ita ce ke ɗauke da rayukan mutane. A auna iskarta da sassafe tun ba a motsa motar ba, don taya in ta yi zafi awonta yakan hau, ya ruɗi mai awo. Mutane da yawa suna tsammani rage iska shi ne maganin fashewa. Wannan kuskure ne babba. Tayar da ba ta da isasshiyar iska takan riƙa lanƙwashewa bisa kwalta, ta ɗauki zafi, har ta tarwatse. Kuma a jikin kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna lokacin da aka yi ta: in an ga 2319, watau mako na 23 ke nan na shekarar 1919? A'a, na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a more ta ba, don haka kada kyawun zanen tayar gwanjo ya yaudari mai saye. Safaya ma a auna ta. Sau da yawa sai an shiga daji a kan tarar babu iska a cikinta.

Sa'an nan a buɗe inji. A duba baƙin mai a wuri mai daidai, a duba ruwan lagireto da man birki, a ga ko fambel ya tsattsage, a tsaurara kan batir. In an taka birki aka ji ya yi laushi yana nutsewa, to, tafiya ta fasu sai an gyara. Fitilu da ham da waifa kuwa, minti biyar ya isa a gwada su.

A tafi da jak da sifana da jarkar ruwa. Ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗura, wadda aka kafa a 1988, sukan tambayi abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku da akan girka bayan motar da ta lalace.

In duk da haka inji ya yi zafi a hanya, direba ya ratse gefe, ya kashe mota. Kada ya kuskura ya buɗe murfin lagireto nan take, gama tafasasshen ruwa zai yi tsartuwa ya ƙone masa fuska da hannu. Ya dakata sai inji ya huce tukuna, kana ya sa tsumma ya murɗa murfin sannu a hankali.