Daga Tsaba Zuwa Ƙaiƙayi: Ƙarfin Abincin Kaji a Yankin Karare

Wannan maƙala za ta duba abincin da masu kiwon kaji a Karare da ƙauyukan Batsari da Safana kan koma gare shi idan masara ta yi tsada. Tun kafin zuwan awon zamani Bahaushe ya jera wannan abinci hawa-hawa, wato tsaba, da tsaki, da dusa, sannan ƙaiƙayi. Abin sha'awa shi ne, awon masana bai saɓa wa wannan jeri ba.

Masana kan auna ƙarfin abinci da kilokalori, amma ƙarfin da ya zauna a jikin kaza kaɗai suke ƙidayawa, ban da wanda ya fita a kashi. Kilo guda na masara yana ba da kimanin 3,300, kaza mai ƙwai kuwa tana bukatar kimanin 2,800. Farar dawa da gero sun kusa kamo masara. Wasu irin jar dawa suna da sinadarin tanin mai bauri, wanda ke rage amfanin da kaza kan samu. Dusa ita ce mai yaudara, domin takan cika ciki da ɓawon da hanjin kaza ba ya iya narkarwa, mai ita na ganin an ƙoshi, ƙwai na raguwa. Ƙaiƙayi kuwa ya fi dacewa da shimfiɗar akurki.

Rogo, wanda ƙasar Batsari ta yi suna da shi, ya cancanci a tsaya a kansa. Busasshen garinsa bai yi nisa da masara wajen ƙarfi ba, sai dai sinadarin gina jiki da ke cikinsa bai wuce kashi 3 cikin 100 ba, alhali na masara ya kai kashi 8 ko 9. Ɗanyensa kuma, musamman ɓawon, yana da dafi, sai an yayyanka an shanya ya bushe ƙarau. Saboda haka dole a haɗa shi da tunkuza, wadda kusan rabinta mai gina jiki ne.

Ita ma tunkuzar ba a sakin jiki da ita. Idan ta sha laima ta yi fumfuna, guba ce. Garin gyaɗa irin wannan, da aka kawo daga Barazil, shi ya hallaka talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960.