Aikin Akawu a Ofishin Lauya: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

An shirya wannan takarda domin hakimai, Allah ya ja zamaninsu, da malaman da ke riƙe da littattafan ofishinsu. Dalili kuwa shi ne, iyaye kan zo ƙofar hakimi da 'ya'yansu waɗanda suka gama sakandare, suna neman takardar shaida ko shawara. Da yawa cikin yaran nan burinsu su zama lauyoyi, amma ko dai ba su sami shiga jami'a ba tukuna, ko kuwa hannun iyayensu bai kai ba. Irin wannan yaro, maimakon zaman kashe wando, yana iya neman ƙaramin aiki a ofishin lauya kafin Allah ya buɗe masa ƙofar karatu. Za mu ɗauki unguwar Nasarawa ta Kaduna misali, amma abin da za a faɗa ya shafi kowace gunduma.

1. Asalin al'amarin

A zamanin da, zama a ofishin lauya shi kansa hanya ce ta shiga aikin. Dokar Babbar Kotu ta 1876, wadda ta yi aiki a Ikko, watau Legas, ta ba Babban Joji ikon ya karɓi mutumin da ya yi shekara biyar yana hidima a ofishin lauya, in ya ci jarrabawa. An daina ba waɗanda ba su yi karatun waje ba izinin aiki a 1913. Daga nan sai wanda ya tafi Ingila ya shiga ɗaya daga cikin gidajen lauyoyi huɗu na Landan. Ɗan Nijeriya na farko da ya bi wannan hanya shi ne Sapara Williams, wanda aka rantsar a Inner Temple a 1879.

Arewa ta daɗe ba ta sami nata ba, gama shari'armu tana hannun alƙalai, su kuwa a zaure su ke karatu, daga baya kuma a Makarantar Shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934. Lauyan farko ɗan Jihar Arewa shi ne Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaƙ na Ilori, a 1955. Muhammadu Bello na Katsina ya biyo baya a 1956, shi ne ya zama Babban Jojin Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Tsaransa Mamman Nasir ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992, sa'an nan ya koma gida ya zama Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi. Ta ɓangaren mata kuwa, Aloma Mukhtar ce ta fara, a 1966, ta kuma riƙe kujerar Babban Joji daga 2012 zuwa 2014.

A 1959 Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Mista Unsworth, ya ba da shawarar a riƙa horad da lauyoyi a cikin gida. Bisa ga haka aka yi dokar 1962, aka buɗe Makarantar Lauyoyi ta Nijeriya a Ikko cikin Janairu 1963 da ɗalibai 8. A 1962 ɗin nan kuma aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, sashenta na shari'a ya zauna a Kongo, Zariya.

2. Hanyar zama lauya a yau

Lalle ne malamin hakimi ya haddace matakan nan, domin kada a ruɗi iyaye.

Na fari, yaro ya ci darasi biyar a jarrabawar gama sakandare, ciki har da Turanci da adabin Turanci. Na biyu, ya ci jarrabawar JAMB ya shiga jami'ar da Majalisar Ilmin Shari'a ta amince da sashenta, ya yi shekara biyar. Wanda ya shiga da wata shaida ta sama da sakandare, in jami'ar ta karɓe ta, yana iya yin huɗu. Na uku, ya yi shekara guda a Makarantar Lauyoyi, wadda hedkwatarta ta koma Bwari ta Abuja a 1997, tana kuma da reshe a Bagauda ta Kano da Yola da wasu wurare. Na huɗu, majalisar dattawan lauyoyi ta binciki halinsa ta rantsad da shi, a rubuta sunansa a littafin Kotun Ƙoli.

To, a lura da kyau. Shekarun da yaro ya yi a ofishin lauya ba a rage masa ko kwana ɗaya daga cikin matakan nan. Ko da ya shekara ashirin yana akawu, ya san dokoki kamar yunwar cikinsa, ba lauya ba ne. Har wa yau, Majalisar Ilmin Shari'a ta daɗe tana ƙin karɓar digirin da aka samu ta karatun maraice ko na nesa, saboda haka ranar da yaro ya sami jami'a, tilas ya ajiye aikin ya fuskanci karatu. Amfanin aikin uku ne: ya ga gaskiyar sana'ar kafin a kashe masa dukiya a kanta, ya koyi tsarin takardu da ladabin kotu, ya kuma sami manya da suka san halinsa.

3. Halin Nasarawa

Nasarawa tana kudu da kogin Kaduna, cikin ƙaramar hukumar Cikun, daura da Kakuri. Ta cika ne da ma'aikatan masaƙu, tun bayan da aka buɗe masaƙar Kaduna ta farko a Kakuri a 1957, wasu kuma suka biyo baya. Mutane suka taho daga kowace nahiya ta ƙasar nan suka zauna. Da masaƙun suka durƙushe a farkon wannan ƙarni, sai samarin unguwar suka rasa ƙofar da iyayensu suka bi. Wannan shi ya sa kowane ƙaramin aikin ofis ya zama abin nema.

Manyan kotuna kuwa galibi suna ƙetaren kogi, ta arewa. Babbar Kotun Jiha tana Titin Bida, akwai kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara, da Babbar Kotun Tarayya, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, da ta al'ada. Inda kotu ta ke, nan lauyoyi su ke taruwa, saboda haka ofisoshi da yawa suna wajajen Titin Ahmadu Bello da Titin Yakubu Gowon. Yaron Nasarawa zai riƙa haye gada safe da yamma, ya kamata a yi lissafin kuɗin mota tun kafin a amsa aiki. Yana da wata riba kuma. Wanda ya tashi a unguwar da kabilu suka cakuɗa, sau da yawa yana jin Hausa da Turanci da wani harshe na uku, lauya kuwa kullum yana bukatar mai yi masa tafinta tsakaninsa da masu zuwa neman taimako.

4. Ayyukan da a kan ba sabon shiga

Akwai masinja, mai kai wasiƙu da karɓo su. Akwai mai tarbar baƙi da amsa waya. Akwai mai buga takardu, wanda a da keken rubutu ya ke amfani da shi, yanzu kuwa kwamfuta. Sama da su duka sai akawun kotu, shi ne ya fi kusa da ainihin aikin. Shi ke kai takardun ƙara wurin rajista, a ƙiyasta kuɗin, ya biya ya karɓo rasit. Shi ke bin ma'aikacin kotu mai kai sammaci ya tabbata an kai. Shi ke duba jerin ƙararrakin gobe, ya shirya fayil da littattafai, ya rubuta ranar da aka ɗage zama. Wani lokaci a kan aike shi ofishin rajistar kamfanoni, ko hukumar filaye ta Kaduna wadda a ke kira KADGIS.

Littafin ranaku shi ne ran ofis. Ga misali. Wanda ya ke so ya ɗaukaka ƙarar hakki daga Babbar Kotu, doka ta ba shi wata uku in hukuncin ƙarshe ne, amma kwana 14 kaɗai in hukuncin tsakiyar shari'a ne. In akawu ya yi sake kwanakin suka wuce, sai an koma roƙon kotu ta ƙara lokaci, tana kuwa iya ƙi. Ta haka gonar mutum ko gidansa ke salwanta saboda mantuwar yaro guda.

5. Yadda a ke nema

Ƙananan ofisoshi ba safai su ke shelar neman akawu ba, an fi ɗauka ta hanyar sani da shaida. Yaro ya rubuta takardar neman aiki da Turanci mai tsabta, shafi ɗaya, ya haɗa da kwafin sakamakon jarrabawarsa da takardar shaidar hali. Ya faɗi gaskiya cewa niyyarsa karatun shari'a, ya kuma faɗi tsawon lokacin da zai iya zama. Ya kai da ƙafarsa, cikin tufa mai kyau, da yamma, gama da safe lauyoyi suna kotu. Kafin nan ya koyi buga takarda da kwamfuta, ya kuma riƙa zuwa kotu yana sauraro, da ya ke zaman kotu a buɗe ya ke ga kowa sai inda alƙali ya hana. In ofishi goma sun ƙi, ya je na goma sha ɗaya. Mai nema yana tare da samu.

Batun albashi, kada a ɓoye wa iyaye. Dokar 2024 ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata, amma ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, yawancin ofisoshin lauyoyi kuwa ƙanana ne. Saboda haka a yi magana a fili tun farko, a rubuta abin da aka shirya: nawa ne, yaushe a ke biya, wa ke ɗaukar kuɗin motar aike. Wanda ya ce a ba shi kuɗi kafin ya samo wa yaro aiki, a guje shi.

6. Iyakokin da doka ta gindaya

Nan ne yara su ke faɗawa rami, nan kuma ya kamata hakimi ya ja musu kunne.

Na ɗaya, laifi ne a dokar lauyoyi mutum ya nuna kansa lauya alhali ba shi ba ne, ko ya karɓi lada ya rubuta wa mutane takardar cinikin fili ko ta rabon gado. 'Yan unguwa za su fara kiransa "Barista" don wasa, su riƙa kawo masa takardu gida. Ya ƙi sunan, ya mai da su wurin maigidansa.

Na biyu, kada ya sa hannu a madadin lauya. A shari'ar Okafor da Nweke, a 2007, Kotun Ƙoli ta yanke cewa takardar kotu ba ta inganta sai da sa hannun mutumin da sunansa ke littafin lauyoyi, har sunan ofis kawai bai wadatar ba. Tun 2015 kuma a ke manna wa takardu hatimin Ƙungiyar Lauyoyi mai ɗauke da sunan lauyan. Hatimin nan amana ne, ba a ba da aronsa.

Na uku, riƙon asiri. Dokar Shaida ta 2011 ta hana lauya bayyana abin da mai ƙara ya gaya masa, ta kuma ɗora wannan hani a kan akawunsa da tafintansa. Abin da yaro ya gani a fayil ba na hirar shayi ba ne, ba na Facebook ba ne, ko da mai ƙarar maƙwabcinsu ne.

Na huɗu, kuɗin mutane. Kowane kwabo da aka ba shi na kotu, ya dawo da rasit. Kada ya miƙa wa ma'aikacin kotu toshiyar baki, kada kuma ya zama ɗan kamasho mai jawo wa lauya masu ƙara daga ofishin 'yan sanda, gama ka'idar aikin ta hana lauya raba ladansa da wanda ba lauya ba. Tabon da yaro ya ɗauka yana shekara goma sha tara yana iya tare masa hanya ranar da za a binciki halinsa kafin rantsuwa.

7. Abin da ke kan hakimi da malaminsa

Takardar hakimi tana da nauyi muddin ba a ba kowa da kowa. Kada a rubuta shaida sai mai unguwa da dagaci sun tabbatar da yaron da gidansu. A rubuta abin da aka sani kawai: sunansa, na mahaifinsa, unguwarsu, shekarun da aka san shi, da halinsa. Malam ya ajiye kwafi, ya sa lamba da kwanan wata a littafi. Kada a saka musu kuɗi a kan wannan. A yi wa 'ya mace yadda a ke yi wa ɗa namiji, a kuma yi wa ɗan baƙo mazaunin unguwa shaidar hali yadda a ke yi wa ɗan gida, in halinsa ya cancanta.

Bayan wata uku, yana da kyau a kira yaron a tambaye shi yadda aiki ke tafiya, a kuma tuna masa lokacin sayen takardar JAMB. Haɗarin da ya fi kowane shi ne ɗan albashi ya shagaltad da shi har shekaru su tafi. In kuwa talaka ya zo da ƙarar da ta fi ƙarfinsa, kada a tura shi wurin akawu don sauƙi. A nuna masa ofishin Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976 domin marasa hali.

Tambayoyi domin bita

1. Waɗanne matakai huɗu ne mutum ke bi kafin ya zama lauya?
2. Me ya sa shekarun akawu ba su rage shekarun karatu?
3. Kwana nawa doka ta bayar domin ɗaukaka ƙara kan hukuncin tsakiyar shari'a?
4. Kawo abubuwa huɗu da aka hana akawun lauya.
5. Me ya kamata malamin hakimi ya tabbatar kafin ya rubuta takardar shaida?

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya shirya mana zuriya, amin.