Gasar Saji da Ta Mutu a Cikin Laftof

Bayan ƙaramar sallah wani matashi daga Saji ya shigo shagon mai wannan rubutu a Rano, laftof a hammata, ido ja wur. Gidan gem gare shi: PS4 biyu, talabijin biyu, da ɗan janareto. Ya haɗa gasar eFootball tsakanin samarin Saji da na Kibiya, aka kwana uku ana gumurzu, wasan ƙarshe har sai da aka je bugun fanareti. Ya ɗauki komai don ya tace ya ɗora a YouTube. Ga fayil nan ya haura giga shida, amma ko sau ɗari aka danna shi ba ya buɗewa.

"Yaya, don Allah ka duba min. Yaran nan sun hana ni barci."

Da aka duba, sai ga tushen ɓarnar. Wani mai loda manhajoji a birni ya sayar masa da na'urar kama hoto ta USB, ya zuba masa manhajar ɗauka ta sata, ya karɓi kuɗinsa, ya bar ta tana ajiyewa a MP4. Batirin laftof ɗin ya daɗe da mutuwa, sai da caja take numfashi. Ana shirin bugun fanareti na huɗu, mai ya ƙare a janareto. Shi kuwa MP4 sai an tsayar da ɗauka yake rubuta jadawalin da ke nuna inda kowane hoto yake. Wuta ta yanke kafin nan, shi ke nan. Aka sa yaron ya ɗauki sabon bidiyo na minti ɗaya da saiti iri ɗaya, aka ba untrunc, manhajar gyaran bidiyon da ya lalace, ya kwaikwaya. An ceto wajen minti arba'in, murya na gaba hoto na baya. Bugun fanaretin dai bai dawo ba.

Abin haushin, duk wannan ɗawainiya ba dole ba ce. Maɓallin Share da ke hannun PS4 yana iya riƙe har minti 60 idan an gyara saitinsa, a kwashe a filashi, kuma Sony ta ba da SHAREfactory kyauta don yanka da haɗawa. Mai lodin nan ya san haka, ko kuwa bai sani ba, wanda ya fi muni.

Wanda lallai sai ya ɗauka ta kwamfuta, OBS Studio na nan tun 2012, kyauta, babu tambari a kan hoto, babu iyakar minti goma irin ta Bandicam na kyauta. A sa shi ya ajiye a MKV. Ko wuta ta ɗauke, abin da aka ɗauka yana nan, daga baya OBS ɗin da kansa ya mayar da shi MP4 cikin daƙiƙoƙi. A MKV, ba MP4 ba. A garin da janareto ne ke riƙe da rayuwar gidan gem, wannan saitin ya fi kowace manhaja mai tsada.

Sai maganar tacewa. Laftof ɗin ram ɗinta giga huɗu ne, amma an cusa mata DaVinci Resolve don wani ɗan YouTube na Amurka ya yabe shi. Manhaja ce mai kyau, kamfanin Blackmagic na bayar da ita kyauta, sai dai tana son katin hoto mai ƙarfi. A wannan laftof ko buɗewa sai da addu'a. Shotcut ko Kdenlive sun ishe shi, a 720p. CapCut a waya ma ya wadatar ga gajerun bidiyon TikTok. A kuma kiyayi ɗora waƙar mutane a ƙarƙashin wasa, saboda haƙƙin mallaka.

Manhajar satar kuwa ba ita kaɗai ta shigo ba. An tarar da ɓoyayyen shiri mai kwashe kalmomin sirri daga burauza, sai da aka goge laftof ɗin tas, aka canza sirrin Gmail da na banki a nan take. Manhajar sata, alhali ga ta kyauta wadda ta fi ta!

Masu gidajen gem na Rano da Kibiya, kafin gasa ta gaba ku yi ɗaukar gwaji ta minti biyar, ku zare waya daga soket da gangan, ku ga ko fayil ɗin zai buɗe.