Lambar Wuri Ba Ta Tsayawa Sai da Isnadinta

Wani matashi mai rubuta manhajar kwamfuta ya aiko mini da tambaya daga Kano. Ya ce an ba shi tsofaffin takardun safiyo na wata unguwa domin ya ɗora fulotansu a kan hoton tauraron ɗan'adam, ya shigar da lambobin ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya canja ko ɗigo ba, amma da taswirar ta fito sai ga fulotan duka sun gusa kudu maso gabas da wajen mita 140, gidan wannan ya hau kan titi, kangon wancan ya faɗa cikin makabarta. Yana son ya san ko masu awon farko ne suka yi kure, ko kuwa manhajarsa ce ke da illa.

Ɗana, abin da ya fi rinjaye a zatona shi ne babu wanda ya yi kure a cikinsu, sai dai ka karɓi riwaya ba ka tambayi isnadinta ba. Malaman hadisi ba su karɓar matani komai kyawun lafazinsa sai sun san daga bakin wa ya fito, kuma haka lambobin wuri suke, domin latitud da longitud, waɗanda malaman falaki na Larabawa ke kira ardu da ɗulu, ba su nuna wani wuri a bayan ƙasa har sai an faɗi tushen awon da aka jingina su gare shi, wanda ma'auna ke kira datum. Mas'alar ba sabuwa ba ce. Lokacin da Albiruni ya rubuta littafinsa na iyakance wurare a shekarar 1025, yana neman ɗulun birnin Gazna domin ya tabbatar da alƙiblarsa, ya tarar magabata sun yi saɓani a kan inda ake fara ƙirga, wasu daga tsibiran da ke cikin tekun yamma, wasu daga gaɓar tekun, alhali tsakanin biyun daraja goma ce cur. Ko Girinwic da aka yi ittifaƙi a kanta a taron Washinton na 1884, in ka tsaya yau a kan layin ƙarfen da ke harabarta da na'urar GPS a hannunka, ba za ta nuna maka sifiri ba, sai ka taka kimanin mita 102 gabas.

Tsofaffin takardun safiyo na Nijeriya galibinsu an gina su a kan tushen Minna, wanda Turawan mulki suka kafa bisa wani turke da ake kira L40 kusa da garin Minna, suka ɗauki siffar duniya irin ta lissafin Clarke na 1880, wadda rabin faɗinta mita 6,378,249.145 ne. Na'urar GPS kuwa, da hotunan tauraron ɗan'adam da kake ɗorawa a kansu, suna bisa WGS 84, wanda rabin faɗinsa mita 6,378,137 ne, kuma cibiyarsa tana tsakiyar nauyin duniya, ba a jingine da wani turke na wata ƙasa ba. Saboda siffofin biyu sun bambanta a girma da kuma inda cibiyarsu take, wuri guda yana da lamba biyu, kowace gaskiya ce a gidanta. A Kano, in ka ɗauki latitud da longitud na Minna ka karanta su tamkar na WGS 84, wurin zai gusa gabas da kusan mita 80, arewa da kudu kuwa kusan babu motsi; amma in lambobin na UTM ne, sai a ƙara gusawa kudu ta kimanin mita 120, domin tsawon baka daga ikwaita zuwa Kano ba ɗaya ba ne a siffofin biyu. Haɗa waɗannan biyu ka ga mita 140 ɗinka, har da fuskar da suka nufa. Wannan ya sa nake ce maka ciwonka sananne ne.

Farkon wajibi, tun kafin ka taɓa kwamfuta, shi ne ka gane irin lambar da ke hannunka, kuma sau da yawa girmanta kawai ya isa shaida. Nijeriya tana da tsarin shimfiɗa nata na ɗamara uku, ta yamma da ta tsakiya da ta gabas, layukan tsakiyarsu suna kan daraja 4 da rabi, 8 da rabi, da 12 da rabi, ana fara ƙirga arewa daga daraja 4. Fulotin Kano a ɗamarar tsakiya zai nuna gabas kusa da 670,000, arewa kusa da 885,000, alhali a UTM shiyya ta 32 zai nuna gabas kusa da 448,000, arewa sama da 1,300,000. In ka ga lambobi ƙanana da ba su yi kama da ko ɗaya ba, to mai yiwuwa an auna su ne daga wani turke na gari, ko kuma da ƙafa aka rubuta ba da mita ba, kuma wannan ba kwamfuta ke warware shi ba, sai ka tafi ofishin safiyo ka zauna da dattawan da suka san tarihin turakun. Ka kuma tuna UTM ta raba ƙasar uku: Sakkwato tana shiyya ta 31, Kano ta 32, Maiduguri ta 33, kuma lambar da aka cire wa shiyyarta ta zama marainiya.

Idan ka gane asalin, sai ka kira shi da sunansa na rajistar EPSG, wadda kamfanonin man fetur na Turai suka assasa, take kuma hannun ƙungiyar IOGP yanzu. Minna ta daraja ita ce 4263, ɗamarun uku 26391 da 26392 da 26393, Minna a UTM shiyya ta 32 ita ce 26332, WGS 84 ta daraja 4326, WGS 84 a shiyya ta 32 kuma 32632. A nan ne mutane da yawa ke zamewa, domin akwai bambanci tsakanin laƙaba wa lamba suna da juya ta. A GeoPandas, set_crs laƙabi ne kawai, to_crs shi ne juyi. A PostGIS kuma ST_SetSRID da ST_Transform haka suke. Wanda ya laƙaba wa lambar Minna sunan WGS 84 bai juya kome ba, shaidar zur ya yi mata, kuma duk lissafin da ya biyo baya a kan wannan shaidar zai hau.

Kada ka rubuta lissafin juyin da hannunka don aikin da mutane za su dogara da shi, ko da ka fahimce shi sarai. Taskar PROJ, wadda Gerald Evenden ya fara a hukumar binciken ƙasa ta Amurka tun shekarun 1980, ita ce ke ƙarƙashin QGIS da GDAL da pyproj, kuma an daɗe ana tace ta. Amma ka san abin da take yi a ɓoye: tana kwance shimfiɗar ta koma daraja a siffar Clarke, ta mai da darajar lambobi uku na X da Y da Z daga cibiya, ta gusa cibiyar, sa'an nan ta dawo daraja a siffar WGS 84, ta sake shimfiɗawa. Dukan matakan nan lissafi ne tabbatacce in ban da guda, wato gusa cibiya, domin shi ba a samo shi daga ƙa'ida ba, daga awo aka samo shi, kuma awo yana da riwayoyi. Wadda ta fi shahara ita ce ta hukumar taswirar sojan Amurka, mai lambobi uku, -92 da -93 da 122, wadda su kansu masu ita suka ce kurenta yana kai mita uku zuwa shida. Akwai wasu riwayoyin da yawa a rajistar, amma galibinsu kamfanonin mai ne suka fitar da su don yankin Neja Delta da cikin teku, kuma abin da aka gwada a Warri ba hujja ba ne a Katsina, musamman da yake tsohuwar sarƙar awon tana da karkata da ke ƙaruwa gwargwadon nisanka daga Minna.

Saboda haka kada ka bar manhaja ta zaɓa maka a asirce. Ka kira TransformerGroup a pyproj, ko umarnin projinfo, ka ga jerin hanyoyin da ke akwai, kowace da yankin da ta halatta a cikinsa da gwargwadon kurenta, ka zaɓi guda da saninka, ka rubuta lambarta a cikin manhajar da kuma cikin bayanin da zai bi sakamakon. Akwai wata ɗabi'a ta PROJ da nake so ka kiyaye ƙwarai: idan ba ta sami hanyar da ta dace ba, takan juya maka lambar ba tare da ta gusa cibiya ba, ta ba ka amsa mai kyan gani ba ta ce uffan ba. Ka rufe wannan ƙofa da allow_ballpark=False, domin gara manhaja ta tsaya ta yi kuka da ta miƙo maka ƙarya cikin ladabi. In kuma wani ya ba ka lambobi bakwai na hanyar Helmert, masu ɗauke da juyawa uku da ma'aunin girma, ka tambaye shi bisa wace mazhaba aka rubuta su, domin mazhabobi biyu ne, alamar juyawarsu kishiyar juna ce, kuma wanda ya sa na wannan a gurbin na waccan ya ninka kuren maimakon ya kawar da shi.

Sai mas'alar wanne ke gaba, latitud ko longitud, wadda na ga ta kunyata gwanaye. Rajistar EPSG ta ce a 4326 latitud ke gaba. Tsarin GeoJSON ya ce longitud. PROJ kuma tun fitowa ta 6 a 2019 ta koma bin rajista, har tsofaffin manhajoji da yawa suka kife a dare ɗaya. A wasu ƙasashe kuren yakan tona kansa, don wurin sai ya faɗa teku. Mu ba mu sami wannan rahama ba. Kano tana daraja 12 arewa, 8 da rabi gabas. In ka musanya su sai ka sauka kusa da Ganye a jihar Adamawa, cikin Nijeriya, a kan tudu, babu abin da zai yi ƙara. Ka sa always_xy=True, ka kuma raɗa wa ma'ajiyan lambobinka suna bayyananne, kada ka bar su x da y.

Ƙananan abubuwa kuma suna da haƙƙinsu. Daraja 11 da minti 30 ita ce 11.5, wanda ya rubuta 11.30 ya ɓata da kilomita 22. Lamba mai bit 32 ba ta iya rarrabe abin da ya gaza santimita 12 a arewar UTM ta Kano, don haka ka riƙe mai bit 64 tun daga karantawa har ajiyewa. Kada ka auna faɗin gona a 3857, tsarin taswirar intanet, domin a latitud ɗin Kano hekta 100 za ta fito maka wajen 105. Tsayin da GPS ke bayarwa daga siffar lissafi yake, ba daga matakin teku ba, sai an gyara shi da samfuri irin EGM2008, kuma mai haƙa magudanar ruwa da ya gauraya biyun zai ga ruwa ya ƙi bin umarninsa.

Wanda ke neman tahkikin santimita kuwa yana da ƙarin sharaɗi, domin farantin ƙasar da Afirka ke kai yana tafiya arewa maso gabas da wajen santimita biyu kowace shekara, don haka lambar da aka auna da tashoshin NIGNET na ofishin Babban Safiyon Tarayya sai an rubuta mata shekarar awo tare da sunan tsarinta.

Amma kai da ke aikin iyakar fuloti, inda taku biyu ke kai 'yan'uwa gaban alƙali, kuren mita biyar na riwayar gama-gari bai ishe ka ba, kuma in ka tsaya a kansa ka zalunci wani ba da niyya ba. Abin da nake yi, kuma nake horonka da shi, shi ne ka nemi turakun siminti na asali da suka rage a unguwar, waɗanda lambarsu ke cikin takarda kuma ba a tumɓuke su an mayar ba, ka sa ma'auni mai lasisi ya auna su da na'urar GNSS ta ƙwarai, sa'an nan ka fitar da juyi na wannan unguwa kaɗai. A lissafi turke biyu sun isa juyi mai lambobi huɗu a shimfiɗe, amma ihtiyaɗi ya hana ka tsaya a nan. Nemi takwas ko goma da suka kewaye wurin, ka gina lissafin da wasu, ka ɓoye uku ka gwada shi da su. Na taɓa ganin turke guda da mai gini ya matsar don katangarsa ta miƙe ya karkatar da lissafin unguwa ɗungum, ba a kuwa gane shi ba sai da aka jera ragowar kuren kowane turke aka ga nasa ya yi tsalle ya bar na sauran.

Kada kuma ka ruɗu da gwajin kai da komowa, wato ka juya lamba ka dawo da ita ka ga ta koma yadda take, domin hanyar da ta ɓace da mita 140 tana dawowa da mita 140 ɗin daidai, shaidar mutum ce a kan kansa. Waɗannan turaku uku da ka ɓoye su za ka rubuta cikin gwajin manhajarka, da lambarsu ta Minna da ta GNSS da iyakar kuren da ka yarda da shi, domin duk ranar da aka sabunta PROJ ko rajistarta gwajin ya sake gudana. Ka ajiye lambobin asali yadda suka zo a takarda a shafinsu dabam, kada ka rubuta juyayyu a kansu, ka aiko mini da ragowar kuren turakun in duba tare da kai.