Amsar Tambaya: In Sa Sabon Demon's Souls a Shagona?

Tambaya: Ina da gidan gem a Kurya Madaro. Abokina na Ƙaura Namoda ya ce in sayo sabon Demon's Souls. Zai kawo ciniki?

Amsa: Ɗan'uwa, in don ciniki ne, riƙe kuɗinka. Kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar da wasan a 2009, Bluepoint Games na Amurka ya sake gina shi a 2020. Aikin ya yi kyau, ba ƙarya. Ƙyallin sulke da hazon fadar Boletaria sun fito tangaran, kuma in aka kashe ka, kafin ka kurɓi shayi ka dawo fage. A tsohon sai ka gaji da jira.

Amma wahalarsa na nan daram. Kuskure kaɗan, dodo ya kwantar da kai, ka koma farkon zango, abin da ka tara ya zube a inda aka kashe ka. Yaron da ya biya kuɗin rabin awa ba zai jure ba. Ga shi mutum ɗaya ke bugawa, saura sai kallo, alhali ƙwallo na ɗaukar biyu ko huɗu, ga man janareta na ƙonewa. Kuma a PlayStation 5 yake tashi. In PS4 gare ka, magana ta ƙare.