Darasin Lissafi: Daga Landan Zuwa Faris A Jirgin Sama

Masu karatu, darasinmu na wannan wata a kan tikitin jirgin sama ne. Za mu koyi yadda ake karanta lokacin tashi da lokacin sauka. Mun ɗauko misali daga ƙasashen Turai.

Landan shi ne babban birnin Ingila. Faris kuma shi ne babban birnin Faransa. Babban filin jirgin saman Landan ana ce masa Heathrow. Na Faris ana ce masa Charles de Gaulle, an buɗe shi a 1974. Tsakanin filayen nan biyu akwai wajen kilomita 350. Wato bai kai tafiyar mota daga Kano zuwa Abuja ba. Akwai teku tsakanin ƙasashen biyu, amma jirgi ta samansa yake wucewa.

Jirgin fasinja yakan yi gudun wajen kilomita 800 a awa 1. To, in haka ne, ai kilomita 350 bai kamata ta ci ko rabin awa ba. Amma a takardar tafiya wajen awa 1 da minti 15 ake rubutawa. Me ya sa? Kafin jirgi ya tashi, sai ya gangara a hankali zuwa hanyar tashi. Wani lokaci ya tarar da wasu jirage a gabansa, ya jira. In ya tashi, a hankali yake hawa sama. Bai daɗe da hawa ba kuma sai ya fara rage gudu don sauka. A gajeriyar tafiya irin wannan, jirgi ba ya samun damar sakin jiki.

Yanzu ga inda mutane da yawa suke ruɗewa. A ce tikiti ya nuna haka:

Tashi daga Landan, ƙarfe 9:00 na safe.
Sauka a Faris, ƙarfe 11:15 na safe.

Mai lissafi zai ce awa 2 da minti 15 ke nan. A'a, ba haka ba ne. Agogon Faransa yana gaban na Ingila da awa 1. In ƙarfe 9 ta yi a Landan, a Faris ƙarfe 10 ce. Shi kuwa tikiti, da agogon garin da za a sauka yake rubuta lokacin sauka. Saboda haka sai ka cire awa 1. Saura awa 1 da minti 15.

A wajen dawowa abin ya fi ban dariya. Jirgi ya bar Faris ƙarfe 12:00, ya sauka Landan ƙarfe 12:15. Kada ka ce minti 15 ya yi. A nan ƙara awa 1 za ka yi.

Kada wani ya ce wannan lissafin Turawa ne kawai. Agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da Nijar da awa 2. Alhajin da ya sauka Jidda bai gyara agogonsa ba, in aka ce a hallara ƙarfe 4, shi a hannunsa ƙarfe 2 ce, yana ganin da sauran lokaci.

Aikin gida: Jirgi ya tashi daga Faris ƙarfe 3:30 na yamma. Tafiyar awa 1 da minti 15 ce. Ƙarfe nawa agogon Landan zai nuna in ya sauka? Rubuta amsarka a littafi, ka kai wa malamin ajinku ya duba.