Kafin Ka Fesa Wa Mangwaronka Magani

Magidanta da yawa kan kawo kuka iri ɗaya: mangwaro ko gwaibar tsakar gida ta yi 'ya'ya gwanin sha'awa, amma da an tsaga sai a tarar da tsutsa. Daga nan sai mutum ya nufi kasuwa neman fiya-fiya. A gidan da yara ke tsintar abin da ya faɗo su kai baki, kaji kuma na kiwo a gindin bishiya, wannan ganganci ne. Ga shi kuma feshin ba ya kaiwa ga tsutsar da ta riga ta shige ciki.

Mai wannan aika-aika wani ɗan ƙuda ne. Nau'in da ya fi ɓarna daga Asiya ya fito, an fara ganinsa a Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru ya game Afirka ta Yamma. Macen kan huda fatar ɗan itacen ta zuba ƙwai, su ƙyanƙyashe, tsutsar ta ci ta ƙoshi, ɗan ya ruɓe ya faɗo. Sai ta shige ƙasa, bayan kamar mako biyu ta fito da fukafukai. Ka ga ke nan ruɓaɓɓen mangwaron da ka bari a ƙasa shi ke renon abokin gabarka.

Don haka babban maganin tsinta ce. Kullum safe a tattara duk abin da ya faɗo, a zuba a baƙar leda marar huji, a ƙulle tam, a bar ta a rana kwana uku zuwa biyar. Ko a binne a rami mai zurfin rabin mita, ko a ba awaki nan take. Zubawa a juji bayan gida wahalar banza ce, daga can za su dawo. A ƙara ƙaimi da zarar ruwan farko ya sauka, don lokacin ne ƙudan ke yawaita. Gwaiba kuwa, tunda ba ta da tsawo, a lulluɓe 'ya'yanta da takarda tun suna ɗanyu.

Ban da ƙudan nan, idan ganyen lemo ya nannaɗe, ko ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya, ƙananan ƙwari masu tsotson ruwan ganye ne. A nan dogon yaro, wato darbejiya, ke da amfani. Daka busassun ƙwayoyinsa kimanin rabin kilo, ka jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, ka tace da ƙyalle, ka narka ɗan sabulun salo a ciki don ya kama ganye. Fesa da yamma, musamman ƙarƙashin ganyen, saboda rana na kashe ƙarfinsa. Maimaita duk mako, domin ba ya kisa nan take, hana ƙwarin ci da hayayyafa yake yi. Idan bishiya na fure, dakata, kada ka kori ƙudan zuma.

Wasu na shafa baƙin mai a jikin bishiya don hana kiyashi hawa. A daina, yana lalata ɓawo.

Ƙudan mangwaro kuwa bai san katanga ba. Ka yi wa maƙwabcinka mai mangwaro magana tun bishiyoyi na fure, ku fara tsintar tare.